DAGA NEPA ZUWA RUKUNIN A: Tarihin Cefanar Da Wutar Lantarki Da Abin Da Ya Bar Mana A Kaduna

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya adana shi sai ya samu sarari.

Duk ranar da maganar wuta ta taso a shafin nan, kashi biyu ake rabuwa. Wasu su ce a dawo mana da NEPA kawai, tunda 'yan kasuwa sun gaza. Wasu kuma su ce ai gwamnati ce ta ƙi sakin harkar gaba ɗaya, da ta sake ta da tuni mun huta kamar yadda muka huta da NITEL. Yanzu ga shi doka ta buɗe wa jihohi ƙofa, kowace tana iya kafa tata kasuwar wutar, wato dai za a sake wani rabon. Kafin a kai mu a baro karo na biyu, ya kamata mu san abin da aka sayar a karon farko, wa ya saya, da wane kuɗi, kuma me ya sa yankin Kaduna yake cikin waɗanda suka fi shan wuya a cinikin. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

ASALIN NEPA

Wutar lantarki ta shigo ƙasar nan tun 1896, lokacin da Turawa suka kafa wani ƙaramin inji a Legas. Abin da da yawa ba su sani ba, kamfanin wuta na farko a Najeriya mai zaman kansa ne, kuma a Arewa yake. A 1929 NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a ƙasar Jos saboda masu haƙar kuza, kuma har gobe yana nan yana aiki.

A 1950 aka yi dokar kafa ECN, ta fara aiki a 1951, ta tattara tashoshin da suke warwatse a hannun ma'aikatar ayyuka da hukumomin En'e. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwa ta kogin Neja, wato NDA, ita ce ta gina Kainji. An fara ginin a 1964, aka fara samun wuta a 1968, kuma da aka gama saka injina ƙarfinta ya kai megawat 760. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta haɗe ECN da NDA, aka haifi NEPA.

Daga nan hukuma ɗaya ce take samar da wuta, ita take dakonta a manyan layuka, ita take raba ta gida-gida, ita kuma take karɓar kuɗi. Wannan ba wani kuskure ba ne na Najeriya ita kaɗai, a zamanin gwamnati ce take riƙe da harkar wuta a Ingila da Faransa da Gana. Kuma a yi wa NEPA adalci, ta yi aiki. Jebba ta zo a 1985, Egbin ta Legas mai megawat 1,320 ta zo a tsakiyar shekarun 1980, sai Shiroro mai megawat 600 a 1990, a kan kogin Kaduna, wannan dai da muke tsallakawa kullum in za mu shiga cikin gari.

LOKACIN DA KAKURI TAKE KAKURI

Duk wanda ya tashi a wannan tsallaken ya san masana'antu ne suka kafa unguwanninmu. A 1957 gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila suka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da 'yan Japan, ga Nortex, ga Finetex. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON, a 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci. Kakuri da Makera da Nasarawa da Television da Unguwar Sunday, mafi yawansu ma'aikatan waɗannan wurare ne suka cika su, daga kowane lungu na ƙasar nan. Ko Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara gwagwarmayar ƙwadago.

Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa. A harkar wuta babu abokin ciniki kamar masana'anta. Masaƙa ɗaya tana shan wutar da unguwa guda ba ta sha, dare da rana, tana da mita, tana kusa da tasha, kuma tana biya da takarda ɗaya a ƙarshen wata ba tare da an ɗauki tsani an bi ta ba. Kuɗin irin waɗannan su suke rufe asarar da ake yi wajen ja wa ƙauye wuta mai nisan kilomita hamsin.

To sai masaƙun suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi sahu, UNTL ta rufe a 2007. Dalilan suna da yawa, akwai fasa-ƙwaurin atamfa, akwai karyewar naira tun daga tsarin SAP na 1986, akwai tsadar baƙin mai, akwai ƙarancin auduga. Amma rashin tsayayyar wuta yana sahun gaba, domin wanda yake saƙa da janareta ba zai iya gogayya da wanda yake saƙa da wutar gwamnati a Sin ba. Rashin wuta ya taimaka wajen kashe masaƙu, mutuwar masaƙu kuma ta raba harkar wutar Kaduna da manyan masu biya. Duk wannan ya faru ne kafin a sayar da komai.

YADDA NEPA TA DURƘUSHE

Masu cewa a dawo da NEPA, mu tuna halin da take ciki a ƙarshe. Bayan Shiroro, an shafe kusan shekara goma ba a gina wata babbar tasha ba, tsofaffin kuma ba a gyara su. Lokacin da Obasanjo ya karɓi mulki a 1999, cikin injina 79 da ƙasar nan take da su, 19 ne kawai suke aiki, wutar da ake samu kuwa ba ta wuce megawat 1,750 ba, ga al'umma fiye da miliyan 100. Marigayi Bola Ige da ya zama ministan wuta ya yi alkawarin kawo ƙarshen ɗauke wuta cikin watanni, bai daɗe ba aka sauya masa ma'aikata.

Matsalar NEPA a bayyane take. Gwamnati ce take yanke farashi bisa lissafin siyasa, ita ce mai bayar da kuɗin gyara in ta ga dama, ma'aikatunta da barikokinta su ne manyan masu cin bashi, kuma babu wanda ake tuhuma in an yi asara. Hukuma ɗaya ita ce mai sayarwa, ita ce kuma mai sa ido a kan kanta.

A daidai wannan lokaci ne aka yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairun 2001, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. Ƙasar da layukan NITEL ɗinta ba su kai rabin miliyan ba, cikin 'yan shekaru waya ta shiga hannun mai shayi da ɗan acaɓa. Wannan nasarar ce ta sa kowa ya ɗauka wuta ma haka za ta kasance.

DOKAR 2005

A 2001 aka fitar da manufar ƙasa kan wutar lantarki, lokacin Malam Nasir El-Rufa'i yana shugabantar hukumar sayar da kadarorin gwamnati, BPE. A watan Maris na 2005 Obasanjo ya sa hannu a dokar sake fasalin ɓangaren. Aka rushe NEPA, aka kafa PHCN a matsayin riƙon ƙwarya, aka tsaga ta gida 18: kamfanoni 6 masu samar da wuta, 1 mai dakonta wato TCN, sai 11 masu rarrabawa, su ne DisCo. Aka kuma kafa NERC ta zama alƙali, ita ke bayar da lasisi, ita ke yanke farashi.

Tunanin da ke bayan tsarin shi ne, wuta sana'a uku ce a haɗe. Samar da ita ana iya yin gasa a kai, tasha goma su yi ta rige-rigen sayarwa da araha. Dakonta kuwa ba a yin gasa, don ba wanda zai ja manyan layuka biyu daga Shiroro zuwa Mando. Haka ma wayoyin cikin unguwa, falwaya ɗaya ce a ƙofar gidanka. Don haka dokar ta tsara a tafi mataki-mataki, a fara da kwangiloli tsakanin masu samarwa da masu rarrabawa, sannan a kai ga cikakkiyar kasuwar sari, daga ƙarshe a kai matakin da mai gida zai zaɓi wanda zai sayar masa, ko da ta waya ɗaya wutar take biyowa.

Aikin ya tsaya a zamanin marigayi 'Yar'aduwa. A nan ne aka yi ta cece-kuce kan kuɗin da aka kashe a harkar, shi ya ambaci dala biliyan 10, majalisar wakilai ta ce 16, kwamitin Ndudi Elumelu ya yi bincike a 2008. A watan Agustan 2010 Jonathan ya farfaɗo da shirin, da Farfesa Barth Nnaji a gaba. Aka kafa NBET, kamfanin gwamnati da zai riƙa sarar wuta daga masu samarwa yana sayar wa DisCo, tunda babu mai tashar da zai yarda ya ba DisCo bashi kai-tsaye. An ce na wucin gadi ne. TCN kuma aka ba kamfanin Manitoba Hydro na Kanada ya gudanar daga 2012 zuwa 2016, amma mallakarsa ta ci gaba da zama a hannun gwamnati.

CINIKIN 2013

Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin ga waɗanda suka saya. Gwamnati ta samu kimanin dala biliyan 2.5, kuma kaso mai tsoka ya tafi wajen sallamar ma'aikatan PHCN. A kowane DisCo mai saye ya ɗauki kashi 60, gwamnati ta riƙe 40. Kainji da Jebba aka ba Mainstream jingina, Shiroro aka ba North South Power, Ughelli ta tafi hannun Transcorp.

Abubuwa biyu a cinikin nan su suka haifar da mafi yawan abin da muke gani yau. Na farko, ba wanda ya fi tayi da tsada aka ba DisCo ba. An yanke farashi tun farko, aka ce wanda ya yi alkawarin rage asara mafi yawa cikin shekara biyar shi zai ɗauka. Asarar nan ta ƙunshi wutar da ke zubewa a tsofaffin wayoyi, da wadda ake sata, da wadda aka rubuta bil ba a biya ba. Kowa ya zuba alkawari a takarda, alhali babu sahihan alƙaluman yawan asarar tun asali, kuma masu sayen ba su samu shiga sun duba kayan da kyau ba saboda rigimar ƙungiyar ma'aikata.

Na biyu, mafi yawan kuɗin sayen bashi ne daga bankunan cikin gida, da dala, na gajeren zango. A lokacin dala tana wajen naira 160. Zuwa 2016 ta haura 300 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Mutum yana karɓar naira a hannun talaka yana biyan banki da dala, ina zai ga kuɗin taransifoma da mita? Sana'ar da take buƙatar jari na shekara ashirin, aka shige ta da bashin 'yan shekaru.

KADUNA A CIKIN RABON

Kamfanin Kaduna ma ba ya cikin waɗanda aka miƙa ranar. A zagayen farko ba a samu wanda ya cika sharuɗɗa ba, sai da aka sake tallata shi. Northwest Power ya saya a kan dala miliyan 163, ya karɓa a watan Disambar 2014, fiye da shekara guda bayan sauran.

Ku duba abin da aka saya. Jihohi huɗu ne, Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ƙasa mai faɗin gaske, layuka masu tsawo, ƙauyuka a warwatse, ga matsalar tsaro da ta zo ta hana ma'aikata shiga wurare da dama. Manyan masu biyan da za su ɗauki nauyin wannan duka kuwa, su ne masaƙun Kakuri da suka riga suka rufe. Ku kwatanta da Ikeja ko Eko a Legas, inda ƙasar ba ta da faɗi amma masana'antu da bankuna suke cunkushe. An tsaga NEPA ne bisa taswirar tsofaffin shiyyoyinta, ba a tsaya an duba wace shiyya ce za ta iya riƙe kanta ba.

Sakamakon yana rubuce a rahotannin NERC, inda asarar kamfanin Kaduna ta sha haura kashi 60 cikin 100. Ma'ana, a wutar naira 100 da aka turo, abin da yake dawowa bai kai naira 40 ba. A watan Yulin 2022 bankunan da suka bayar da bashi, Fidelity da Afrexim, suka karɓe hannun jarin, a daidai lokacin da aka yi wa Kano da Benin irin haka. A watan Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin saboda bashin da ya kai naira biliyan 110, ta naɗa mai riƙo. A watan Agustan shekarar kuma muka ga abin da ya isa misali: hukumar harajin jiha ta rufe ofishin kamfanin kan bashin haraji, kamfanin kuma ya yanke wutar gidan gwamnati kan bashin wuta. Watanni kafin nan, kamfanin Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi bashi, har da fadar shugaban ƙasa. Mu da muke aikin gwamnati bai kamata mu kawar da kai daga wannan ba, tsohon halin da ya kashe NEPA yana nan bai je ko'ina ba.

TO INA GASAR TAKE?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata masu kwatanta wuta da waya su amsa. In layin MTN ya ɓata maka rai, ka taka bakin titi ka sayi na Airtel. Mutumin Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha, wa zai koma wa? An ɗauki mai kaka-gida ɗaya na ƙasa an mayar da shi 11 na shiyya. Fiye da shekara goma bayan cinikin, ba a kai matakin da dokar 2005 ta yi alkawari ba. A 2015 aka ayyana kasuwar riƙon ƙwarya, a 2017 aka ba manyan masana'antu damar saye kai-tsaye daga tasha, amma mai gida da mai walda da mai niƙa suna nan inda suke.

Dalili kuwa kuɗin ba ya zagayawa. Kuɗi a harkar wuta ƙofa ɗaya yake shigowa, daga aljihun mai amfani da ita. DisCo ya karɓa ya biya NBET da TCN, NBET ya biya mai tasha, mai tasha ya biya mai iskar gas, domin fiye da kashi 70 na wutarmu da gas ake samar da ita, kuma da dala ake lissafin farashinsa. In kuɗin ya yanke a ƙofar farko, kowa a layin ya shiga uku. Kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan ba su da mita, ana yi musu bil na ƙiyasi, su kuma su ƙi biya don ba su ga wutar ba. Gwamnati ta riƙe farashi ƙasa da abin da ake kashewa ta ce za ta cike giɓin, sai ta yi ta jan ƙafa. Mai gas ya rage gas, wuta ta ragu, mutane su ƙara ƙin biya.

Shi ya sa gwamnatin da ta sayar don ta huta ba ta huta ba. Babban Banki ya zuba naira biliyan 213 tun 2014 zuwa 2015, a 2017 aka ware biliyan 701 don biyan masu tashoshi, a 2024 tallafin wuta ya kusa tiriliyan 2, a 2025 masu tashoshi suka ce suna bin bashin tiriliyan 4. Injinan da aka kafa sun kai na megawat 13,000, amma mafi yawan abin da aka taɓa turawa a babban layi bai wuce wajen 5,800 ba. A 2019 aka sa hannu da kamfanin Siemens na Jamus da burin kaiwa 25,000 a 2025. Kowa ya ga inda aka kwana.

Maganin da aka kawo shi ne raba mu rukuni-rukuni, tun daga 2020. Rukunin A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Lissafinsa a takarda yana da ma'ana, mai samun wuta ya biya cikakken kuɗinta. Amma kamfanin da yake cikin bashi, in wuta ta yi ƙaranci, ina kuke jin zai tura ta? Layin da ya fi kawo kuɗi mana. Unguwannin talakawa da suke D da E su ne za su jira.

ABIN DA WASU SUKA GANI

Ingila da muka kwaikwaya ta yi dokarta a 1989, ta sayar a 1990, amma sai wajen 1998 zuwa 1999 mai gida ya samu damar zaɓar kamfani. Kuma su sun shiga gasar ne da rarar wuta, kowane gida da mita, kowa yana biya. Gasa tana sauke farashi ne a inda kaya suka fi masu saye yawa. Mu kuwa kayan ne babu.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, an saki farashin sari aka ɗaure na mai gida, 'yan kasuwa irin su Enron suka yi wasa da kasuwar, a 2000 zuwa 2001 aka yi ta ɗauke wuta, babban kamfanin rarrabawa na jihar ya karye. Ƙasa mai arziki ke nan. A Gana an ba kamfanin PDS rarraba wuta a 2019, ba a rufa shekara ba aka soke. Yuganda ta ba Umeme shekara 20, da wa'adin ya cika a 2025 ta karɓe kayanta.

Amma akwai inda abin ya yi aiki. A birnin Delhi na Indiya an sayar a 2002, yankin da Tata Power ya karɓa asararsa ta haura kashi 50, ya sauko da ita ƙasa da 10. Abin da ya bambanta su da mu, wanda ya saya ya san sana'ar kuma yana da jarinsa, gwamnati ta tallafa na shekarun farko kamar yadda ta yi alkawari, aka kuma bi mita da satar wuta da gaske. A nan gida ma ga Aba, inda Geometric na Barth Nnaji ya keɓe yanki guda da tasharsa da wayoyinsa, aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2024 bayan kusan shekara ashirin ana fama.

KUDENDA DA DUHUN OKTOBA

Akwai ɓangaren da cefanarwa ba ta taɓa ba, kuma shi ya fi cin Arewa. Mafi yawan tashoshin gas suna Kudu, mu kuma muna ƙarshen layi. A watan Oktoban 2024 'yan bindiga sun riga sun lalata layin Shiroro zuwa Mando, sai layin da yake zagayowa ta Enugu da Makurɗi shi ma ya faɗi. Mafi yawan jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu kifi da masu shinkafa sun san asarar da suka tafka. Wannan layin TCN ne, na gwamnati ɗari bisa ɗari, babu ɗan kasuwar da za a ɗora wa.

Abin takaici, a nan Kudenda akwai tashar megawat 215 da aka bayar da kwangilarta tun 2009 ga General Electric da Rockson Engineering. An kawo injina, an yi ta kawo ministoci ziyara, ana sa rana ana ɗagawa. Tashar tana jiran gas, bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da zai kawo shi kuwa sai a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Ga Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023, ita ma a kan kogin Kaduna take. Ruwanmu yana juya injinan megawat 1,300 a Shiroro da Zungeru, amma layi ɗaya ya yanke sai mu koma fitilar waya.

SABON RABO

A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar samar da wuta da dakonta da rarraba ta ko a inda babban layi ya kai. A watan Yuni Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wuta da ta maye gurbin ta 2005. Enugu da Ekiti da Ondo su suka fara karɓar ikon sa ido daga NERC a 2024, wasu suka biyo baya. An kuma cire aikin sarrafa babban layi daga TCN aka ba sabuwar hukuma, NISO.

Dama ce babba, kuma haɗarinta babba ne gare mu. Legas za ta iya riƙe kanta gobe. In kowace jiha mai ƙarfi ta ja nata ta tafi, wa zai ɗauki nauyin layin da ya tafi Birnin Gwari ko Zuru? Kuma jihar da ta karɓi ikon yanke farashi, ta karɓi nauyin tallafi ke nan. Gwamnan da zai rage kuɗin wuta don zaɓe ba tare da ya ware abin cike giɓi a kasafi ba, NEPA zai sake ginawa ƙarama.

Don haka a ganina musun gwamnati ko 'yan kasuwa ya ɗauke mana hankali, an bar jaki ana dukan taiki. Duk wanda zai zo mana da sabon tsari, a Kaduna ko wata jiha, ga abin da ya kamata ya amsa. Kuɗin da zai zuba nasa ne ko bashin dala zai sake ciyowa? Ya taɓa gudanar da kamfanin wuta a wani wuri? Yaushe kowane gida zai samu mita, kuma wa zai biya? Za a riƙa cire kuɗin wutar ma'aikatu daga tushe kafin kasonsu ya iso hannunsu? Alƙalin da za a naɗa zai iya cin tarar kamfani, ya kuma iya ce wa gwamna a'a? In mai unguwa da jama'arsa suka yi karo-karo suka sayi taransifoma, wa ya mallake ta, kuma ta yaya za a mayar musu da kuɗinsu?

Sai babbar tambayar tamu ta wannan tsallaken. Me zai hana a keɓe Kakuri da Kudenda kamar yadda aka yi a Aba, tasha a gefe, masana'antu a gefe, layi gajere, kwangila kai-tsaye? Filayen suna nan, layin dogo yana nan, 'ya'yan waɗanda suka yi aiki a masaƙun suna nan suna neman abin yi. In masana'antu suka dawo, kamfanin wuta ya samu masu biya, in ya samu masu biya ne zai iya kula da Romi da Gonin Gora. Masu hali sun riga sun sa sola sun fita daga layi, kuma duk wanda ya fita, nauyin yana ƙaruwa ne a kan wanda ya rage.

Mu ma da namu. Mai zagaye mita da mai rataya waya da dare, maƙwabcinsa yake cuta, don a bil ɗin unguwa ake raba abin da ya sha. Wanda yake da mita kuma yake biya, shi ne yake da bakin kai ƙara gaban hukuma in ba a ba shi awannin rukuninsa ba, kuma doka ta ba shi wannan damar.

A 2013 an yi cinikin ne muna gefe muna tafi, da yawanmu ba mu san ko sunan wanda ya saye mu ba sai da bil ya zo. Wannan karon a majalisun jihohi ake yin dokokin, a nan kusa da mu, kuma akan kira jin ra'ayin jama'a. Ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan masaƙu su je su zauna a gaba, kada a sake sayar da kare a sayo biri.

Wanda ya yi aiki a NEPA ko a masaƙun Kakuri, ko mahaifinsa ya yi, ya ƙara mana da abin da ya gani. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin daidai, Ya kuma ba mu lafiya da zama lafiya.